Keke a Gonakin Girkawan Dā: Sharhi Kan Tsibirin Hvar

 Yau sharhin namu zai tsallaka ruwa ya sauka a wani tsibiri da ake kira Hvar, a ƙasar Kuroshiya, cikin Tekun Adiriyatik, wato ruwan nan da ya shiga tsakanin Italiya da ƙasashen yankin Balkan. Kuma ba a mota za mu zaga shi ba. Keke za mu hau.

Duk wanda ya taɓa jin sunan Hvar, galibi ta bakin masu shaƙatawa ya ji shi. Gari ne na jiragen ruwan attajirai da gidajen rawa da ba sa rufewa sai asuba ta gabato. Abin ya taɓa kai wa hukumar garin iya wuya, har a shekarar 2017 ta kafa alluna tana gargaɗin baƙi cewa wanda aka kama yana shan giya a kan titi zai iya biyan tarar Yuro 700, mai yawo da kayan wanka a tsakiyar gari kuma Yuro 600. Mutanen tsibirin suna alfahari da cewa rana tana haska musu kimanin sa'o'i 2,700 a shekara, kuma tun 1868 suka kafa ƙungiyar karɓar baƙi masu zuwa shan iska domin lafiyar jiki. Sana'ar baƙi tsohuwa ce a hannunsu. To amma wannan duk a ƙuryar yamma ta tsibirin ake yin sa. Abin da ya kai mu yau yana can gaba kaɗan, a cikin gonaki, inda babu kiɗa sai kukan gyare.

Tsibirin siriri ne dogo, tsawonsa kilomita 68, ya miƙe daga yamma zuwa gabas, da jerin duwatsu a gadon bayansa. Mafi tsayi a cikinsu, Sveti Nikola, ya haura mita 620. Mazaunansa ba su kai 11,000 ba a ƙidayar 2021. Idan ka taso daga birnin Split da kekenka, jirgin fito mai ɗaukar motoci zai yi kimanin sa'a biyu da kai, ya sauke ka kusa da garin Stari Grad. Kana fita daga garin ta gabas, gidaje za su ƙare, kwalta ta ƙare, ka sami kanka a kan wata hanyar burji fara, miƙaƙƙiya kamar an ja ta da igiya. Dama da hagu katangun dutse ne, bayansu kurangar inabi da itatuwan zaitun da ɓaure. Fili ne shimfiɗaɗɗe mai tsawon kimanin kilomita shida da faɗin biyu, kuma babu wani tsibiri a wannan teku da ke da ƙasar noma mai kyau da girma irin tasa.

Da igiya ɗin kuwa aka ja hanyar, ko abin da ya yi kama da ita, sai dai waɗanda suka ja ta sun yi shekara 2,400 a kabari.

A shekara ta 384 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, wasu Girkawa suka taso daga tsibirin Paros da ke Tekun Ejiyan, suka sauka a ƙarshen wani dogon lungun ruwa a nan, suka kafa gari suka sa masa suna Faros. Shi ne Stari Grad na yau, wanda ya yi bikin cika shekara 2,400 a 2016. Ba kango suka tarar ba. Akwai mutanen ƙasa, Iliriyawa, kuma ba su yi maraba da baƙin ba. Masanin tarihin nan Diyodoras mutumin Sisili ya rubuta cewa ba a jima ba 'yan ƙasar suka kira 'yan'uwansu daga tsallake, fiye da mutum 10,000 a ƙananan jirage, suka auka wa sabon garin, sai da jiragen yaƙin Diyonisiyas mai mulkin Sirakus suka kawo ɗauki sannan Girkawa suka tsira. Ya ce an kashe sama da 5,000 cikin maharan, an kama kimanin 2,000. Alƙaluman marubutan dā a kan sha su da gishiri, amma gaskiyar da ke ƙarƙashinsu ba ta ɓuya: wannan fili mai kyan gani ƙwace shi aka yi. Shi ya sa a kan tudun Maslinovik, a gefen arewa, har yau akwai gindin wata hasumiyar tsaro da aka gina da manyan duwatsu, wata kuma mai suna Tor tana saman garin Jelsa, daga inda masu gadi ke hangen juna su aika saƙo da wuta ko hayaƙi.

Da ƙura ta lafa, sai Girkawan suka shiga rabon gona, kuma a nan ne abin mamakin yake. Suka tsaya a wani wuri a tsakiyar filin, suka ja layi biyu da suka gitta juna, daga nan suka yanka ƙasar gaba ɗaya gida-gida. Ma'auninsu shi ne sitadiyon, kimanin mita 180. Kowane gida faɗinsa sitadiyon ɗaya, tsawonsa biyar, wato mita 180 sau 900, kusan hekta 16 ke nan. A cikin kowane gida aka sake yanka ƙananan gonaki aka raba wa magidanta. A kan layukan aka bar hanyoyi, aka tayar da katanga. An ma tono wani dutsen iyaka da rubutun Girkanci a jikinsa yana cewa nan ce iyakar Matiyos ɗan Pitiyas. Mutumin bai ci wani yaƙi ba, bai rubuta littafi ba. Gona gare shi, ya sa sunansa a bakinta, kuma sunan ya kai gare mu.

Mai sauraro da ya tashi a karkara ya san yadda iyakar gona take a wurinmu: layin gamba, ko wani kututture, ko bishiyar da dattawa suka shaida. Idan dattijon ya rasu, wuta ta cinye gambar, sai a kwana gaban alƙali. A filin Stari Grad iyakar dutse ce, kuma duk wanda ya gaji gonar ya tarar da ita a inda kakansa ya bar ta.

Ku duba waɗanda suka mulki wurin nan bayan Girkawa. Rumawa sun ci Faros a shekara ta 219 kafin haihuwar Annabi Isa, bayan sun kori Dimitiriyas, shugabanta da ya yi musu tawaye, suka gina gidajen gona da wuraren matsar zaitun a cikin filin. Kufan ɗaya yana nan a wurin da ake kira Kupinovik. Daga baya kakannin Kuroshiyawan yau suka iso. Sarakunan Hangari suka yi nasu zamanin. Jamhuriyar Benis ta riƙe tsibirin daga 1420 har 1797, sai Ostiriya, sai Faransa ta Napoliyon na 'yan shekaru, sai Ostiriya kuma har ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, sai Italiya na ɗan lokaci, sai Yugosilabiya da gwamnatinta ta gurguzu, sai Kuroshiya mai 'yanci tun 1991. Harshe ya sauya, addini ya sauya, kuɗin da ake kashewa ya sauya har zuwa Yuro a 2023. Layukan gonakin ba su gusa ba. Hoton da aka ɗauka daga sama yana nuna su sarai, kuma dalilin da ya sa hukumar UNESCO ta sa filin cikin kayan tarihin duniya a 2008 ke nan.

To wa ya kiyaye su? Ba sarki ba ne, ba kuma wata hukumar adana kayan tarihi ba, don duk tsawon lokacin nan babu ita. Manomi ne. Shi kuwa ba don ƙaunar Girkawa ya yi ba. Ƙasar wurin cike take da dutse, duk saran fartanya sai ya tono wani. Ina za ka kai shi? Sai ka ɗora shi a kan iyaka, inda ba zai ci maka wurin shuka ba. Maƙwabcinka shi ma haka. Da haka katangar ke ƙara kauri tana tsayi, har wasu wuraren ta zama tudu guda. Idan ruwan hunturu ya zubar da wani sashe, mai gonar ya zo ya sake jera shi, domin in bai yi ba ƙasarsa za ta zaizaye, iska ta karya masa kuranga. Babu siminti a ginin, babu laka. Dutse ne a kan dutse, babba a ƙasa da gefe, ƙanana a ciki, nauyinsu ne ke riƙe su. Ruwa yana ratsa ta ya wuce ba tare da ya ture ta ba. A tsakiyar gonakin za ka ga wasu 'yan ɗakuna masu zagaye da ake kira trim, su ma duk dutse ne har rufinsu, inda manomi ke ajiye kayan aiki ya fake wa rana ko ruwa. Wannan gwaninta ta jera dutse UNESCO ta amince da ita a 2018 a matsayin gadon al'ada na ƙasashe takwas, har da Kuroshiya. Saboda haka dutsen da kake gani a saman katangar ƙila jiya aka ɗora shi, amma layin da yake kai na zamanin Matiyos ne.

Yanzu bari in faɗi dalilin da ya sa na ce keke. Mai mota yana da babbar hanya ta kwalta da ta bi gefen filin. Cikin minti goma ya wuce, abin da zai ce ya gani shi ne gonaki. Mai tafiya a ƙasa yana ganin kowane dutse, amma rana za ta gasa shi kafin ya gama layi biyu, ba zai taɓa jin girman tsarin ba. Mai keke ne ke jin ma'aunin a ƙafarsa. Ka taka feda mita 180, ga mararraba. Ka ƙara 180, ga wata. Ka juya ta ɗaya ɓangaren, sai ka yi tafiya mai tsawo kafin ka ga kwana. Kafin ka ankara jikinka ya haddace lissafin da wani mai awo ya yi tun kafin a haifi Iskandar Mai Girma. Ga shi kuma keke ba ya da ƙara, don haka kana jin ƙamshin ganyayen daji da rana ta dafa, kana iya jan birki ka gaisa da dattijon da ke yi wa kurangarsa aski. Irin inabin da suka fi shukawa a filin akwai wani fari mai suna bogdanuša, na tsibirin ne tun asali. Mafi yawansa giya ake yi da shi, wannan ita ce sana'arsu tun zamanin Girkawa. Baƙon da ba ruwansa da ita ba zai rasa abin saye ba: man zaitun, busasshen ɓaure, zuma.

Ƙarshen filin ta gabas zai zubo da kai Vrboska, ɗan ƙaramin gari da teku ya shigo tsakiyarsa kamar rafi, da gadojin dutse a kansa. Abin da zai fara tsaya maka a ido shi ne cocin Maryamu, domin ba ta yi kama da wurin ibada ba. Ganuwa ce sosai, mai kauri, da wuraren harbi. Dalilin yana cikin watan Agustan 1571. A lokacin Benis da Daular Usmaniyya suna yaƙi a kan tsibirin Kubrus, sai wani jarumin teku mai suna Uluj Ali ya shigo Adiriyatik da jiragensa, ya ƙone garin Hvar da Stari Grad da Vrboska. Labarin mutumin nan shi kansa abin ji ne. Ɗan kudancin Italiya ne, aka kama shi yana matashi aka sa shi tuƙin jirgi a matsayin bawa, ya musulunta, ya yi ta hawa har ya zama gwamnan Aljiyas. Wata biyu bayan harin Hvar, ranar 7 ga Oktoba, aka yi gumurzun Lepanto inda rundunar ruwan Usmaniyya ta sha kashi, amma shi ya fitar da nasa jiragen, Sarkin Musulmi na Santambul ya naɗa shi babban kwamandan teku, aka sauya masa suna zuwa Kilic Ali. Masallacin da mashahurin maginin nan Sinan ya gina masa yana nan a Santambul ana salla a ciki. A can gwarzo ne. A Vrboska kuwa, mutanen da suka dawo suka tarar da toka sun tara kuɗi sun mayar da cocinsu mafaka, don kada a sake.

Harin ya taɓa wani gida da ya kamata mai keke ya leƙa kafin ya bar Stari Grad ko bayan ya dawo. Gidan Petar Hektorović ne, mawaƙi kuma mai dukiya, wanda ya rayu daga 1487 zuwa 1572. Ya shafe shekaru masu yawa yana gina shi, ya sa masa katanga mai ƙarfi don ya zama mafaka ga maƙwabta, ya ware ɗaki ga matafiyi da matalauci, ya yi wa tantabaru gida a sama, a tsakar gidan kuma ya haƙa tafki inda ruwan marmaro ke gauraya da na teku, kifaye na yawo a ciki har yau. Littafinsa da aka buga a Benis a 1568 labarin wata tafiya ce ta kwana uku a kwalekwale tare da masunta biyu, inda ya zauna ya saurari hirarsu ya rubuta waƙoƙinsu. A zamanin da masu sarauta da talakawan tsibirin ba su daɗe da zubar da jinin juna ba, a tawayen da Matij Ivanić ya jagoranta daga 1510 zuwa 1514, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Daga Vrboska zuwa Jelsa 'yan kilomita ne kawai, hanya ce a bakin ruwa, a inuwar itatuwa, kuma babu wanda zai zarge ka idan ka jingine keken ka tsoma ƙafa. Nan ne wurin da ya fi daɗin taka feda a duk tafiyar, shi ya sa ba ni da abin cewa a kansa da yawa.

Ƙauyukan da ke bayan Jelsa su ne ke da magana. Shida ne suka yi da'ira: Jelsa da Pitve da Vrisnik da Svirče da Vrbanj da Vrboska. Mai keke yana iya zaga su a hantsi guda. Mutanen wurin kuwa sau ɗaya a shekara suna zaga su da ƙafa, cikin dare, daren Alhamis ɗin da ke gaban bikin Ista. Kowane ƙauye yana fitar da ayarinsa a lokaci ɗaya, mutum guda a gaba ɗauke da gicciye, kowa ya bi da'irar ta fuska ɗaya yadda babu ayarin da zai cim ma wani, su yi kimanin kilomita 25 cikin sa'a takwas, gari na wayewa kowa ya dawo cocinsa. Sun yi kusan shekara 500 suna yi, UNESCO ta sa shi a jerinta a 2009. Ko a 1944, da yaƙi ya kwashi dubban mutanen wannan gaɓar ya kai su sansanin 'yan gudun hijira na El Shatt a hamadar Sina'i ta Masar, 'yan Hvar da ke cikinsu sun yi zagayen nasu a cikin yashi. Ba addinin yawancinmu ba ne, amma duk wanda ya san abin da ake nufi da riƙon gado zai gane irin mutanen da suka iya kiyaye iyakar gona shekara dubu biyu.

Sai dai a waɗannan ƙauyukan ne kuma za ka fara ganin ɗaya fuskar. Ɗaga kai ka dubi gangaren duwatsun. Duk an yanka su hawa-hawa da katangu, tun daga gindi har kusan ƙololuwa, amma yawancinsu babu komai a ciki sai daji. A ƙarshen ƙarni na 19 wani ƙwaro mai cin saiwar inabi, filoksera, ya halaka gonakin Faransa, farashin giyar wannan yanki ya yi tashin gwauron zabi, kowa ya ɗauki diga ya hau dutse yana sarar sabuwar gona. Jelsa ta yi arziki da jiragen dakon kaya. Daga nan abubuwa biyu suka faɗo musu. A 1891 gwamnatin Ostiriya da Hangari ta ƙulla yarjejeniyar ciniki da ta buɗe wa giyar Italiya mai araha ƙofa, kasuwarsu ta karye. Kafin su farfaɗo, ƙwaron ya iso nasu gonakin a farkon ƙarni na 20. Sai hijira: Ajantina, Cile, Amurka, Ostireliya. Tsibirin da ke da mutum kimanin 18,000 a 1900 bai sake ganin wannan adadi ba. Akwai ƙauyukan da aka watse aka bar su gaba ɗaya, irin su Humac da Malo Grablje, gidajen dutse a tsaye, ba hayaƙi.

Tun kafin wannan guguwar ma akwai masu fita neman abinci, kuma ɗaya daga cikinsu ya taɓa rayuwar kowannenmu. Ivan Vučetić, haifaffen garin Hvar a 1858, ya tafi Ajantina ya shiga aikin 'yan sanda, ya tsara hanyar gane mutum ta zanen yatsa. A 1892 aka yi amfani da ita aka tabbatar da laifin kisan kai a karon farko a duniya. Duk ranar da ka dangwala yatsa wajen rajistar zaɓe ko a banki, akwai hannun ɗan wannan tsibiri a ciki.

Kada in sa ku ɗauka tafiyar duk lallausa ce. Filin ne kawai a shimfiɗe, sauran tsibirin hawa ne da gangara. Tsohuwar hanyar da ta haɗa Stari Grad da garin Hvar tana hawa har kusan mita 400, ta bi ta ƙauyukan Velo Grablje da Brusje, kuma tun da aka buɗe sabuwar hanya mai ratsa cikin dutse motoci suka rage bin ta, ta zama abin son masu keke. Wanda ya hau ta a watan Yuni ko farkon Yuli zai tarar da labanda, shukar nan mai shuɗin fure da ake tatsar man ƙamshi daga gare ta, tana fure a tsakanin duwatsu. Ita ce ta ceci waɗannan ƙauyukan bayan inabi ya mutu, kafin gobarar daji, musamman ta 1997 da ta 2003, ta cinye mafi yawanta. Mai son tsallakawa gaɓar kudu kuma zai ci karo da ramin Pitve, wanda aka fasa ta cikin dutse, tsawonsa kilomita ɗaya da mita 400, faɗin mota ɗaya, ba fitila, bangonsa ɗanyen dutse. Wannan ba wurin keke ba ne, kada ƙarfin hali ya kai ka. A Yuli da Agusta zafi yana haura digiri 30, a filin inuwa kaɗan ce, famfo kuma babu. Ruwan shan tsibirin ma da yawansa ta bututu ake jawo shi a ƙarƙashin teku daga kogin Cetina. Ka cika gorarka, ka ɗauki kayan faci don tsakuwar tana da kaifi, ka sa hular kwano, kuma kada ka cusa hannu cikin katanga, akwai wani maciji mai ƙaho a hanci da ke son ɗumin dutse. Ka kuma tambayi 'yan gari labarin iska. Suna da bura mai sanyi daga arewa maso gabas wadda kan ture mai keke, da jugo mai ɗumi daga kudu mai kawo ruwa, da maestral da ke tasowa da rana tsaka a bazara ta sanyaya jiki. Watannin Mayu da Yuni da Satumba da Oktoba su ne na masu hankali.

To, jama'a, ga inda na dosa. Filin nan ya ga Rumawa ya ga Uluj Ali ya ga filoksera, bai gushe ba. Abin da ke barazana gare shi yau ba ya ɗauke da makami. Saurayin da zai samu a wata uku na hayar ɗaki ga baƙi abin da ba zai samu a shekara guda ta noman zaitun ba, me zai kai shi jera dutse a rana? Gonakin kuma gado ya daddatsa su, wata 'yar gona magadanta suna warwatse a nahiyoyi uku, babu mai ikon sayarwa, babu mai zuwa nomawa. Inda aka daina noma, itatuwan daji ne ke shiga, saiwarsu ta tsaga katangar, sannan su zama makamashin gobara. A ɗaya gefen kuma ga mai kuɗin da ke son kafa gidan hutu a tsakiyar inabi, ko da doka ta hana. UNESCO da kanta ta ambaci watsewar mutanen karkara da barin noman gargajiya a cikin abubuwan da ke yi wa wurin barazana. An kafa hukuma ta musamman mai kula da filin, kuma hakan daidai ne, amma hukuma allo take kafawa ta rubuta tara. Ba ta yi wa kuranga aski.

A nan ne nake ganin keke yana da amfani, kuma a nan ne nake yi masa kashedi. Amfaninsa shi ne yana kwaso baƙo daga bakin ruwa ya kai shi ƙofar manomi, kuma a watannin da masu wanka ba su zo ba ko sun tafi. Yanzu da keke mai batir ya yawaita, har dattijai da masu ƙiba suna iya hawa ƙauyukan kan dutse da dā sai 'yan tsere. Kashedin kuwa shi ne, mafi yawan kuɗin yana iya tsayawa a hannun kamfanin da ya shirya tafiyar da mai bayar da hayar keken, ayarin mutum ashirin su keta gonaki da gudu, su tayar wa mai aiki ƙura, su ɗauki hoton katangarsa, wani ma ya tsinki inabinsa, su koma jirgi su ci abinci. Wannan ba ziyara ba ce, kallon gumin wani ne a kyauta. Ni dai ban ga laifin a riƙa karɓar wani abu daga masu shirya irin wannan yawo ana biyan masu gyaran katanga da shi ba, domin hajar da suke sayarwa ba su suka yi ta ba.

Saboda haka mai sauraro, idan Allah ya kai ka Hvar, ko kana cikin 'yan'uwanmu da ke karatu ko aiki a Turai kana neman inda za ka huta, ka ware yini guda ka karɓi hayar keke a Stari Grad. Ka fita da sassafe, ka bi hanyar da aka tanada, kada ka hau katanga, ka kauce wa tarakta domin ita ce a bakin aiki. Idan ka ga allo a ƙofar gona ana sayar da man zaitun, ka tsaya ka saya a hannun mai gonar, kada ka tsananta ciniki.